Tutar da Baba Mai Gadi Ya Ƙona

Shekarun baya, lokacin da Zamfara ke sabuwar jiha kuma ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ina koyarwa a wata firamare da ke wani ƙauye tsakanin Ƙaura da Zurmi. Sabon malami ne ni, ga 'yar rediyo da ba ta barin aljihuna, ga baki. Duk abin da na ji da safe, kafin azahar ya zama nawa, har in riƙa yi wa mutane bayaninsa kamar a gabana aka yi.

A lokacin ana ta surutu daga nesa wai mu 'yan Zamfara so muke mu ɓalle daga Najeriya, kuma maganar tana ci mini rai ƙwarai. Wata rana rediyo ta kawo labarin wasu masu zanga-zanga a wata ƙasa da suka ƙona tutarsu, ana ta gardama ko ya kamata doka ta hukunta su. Da aka tashi tara muka baje zancen a gindin dalbejiyar makaranta. Abokina, malamin lissafi, ya ce:

"Ƙyalle na hwa. Tela yaɗ ɗinka shi. In mutum ya ƙona ƙyallenai don shi nuna hushi, ina ruwan alƙali?"

Na ce, "Tuta ba ƙyalle ba ta, mutuncin ƙasa ta. Duk wanda yaƙ ƙona ta a kai shi gidan yari, ko wane na."

Na faɗe ta da ƙarfi yadda kowa ya ji, na kuma ji daɗin kaina.

Ba a yi sati biyu ba, na yi sammako na hango hayaƙi a bayan azuzuwa. Na zagaya sai na tarar da Baba mai gadi. Dattijo ne da ya fi shekara ashirin a makarantar, shi ke ɗaga tuta kullum da safe, shi ke sauke ta. Yana tsugune gaban wani ɗan rami da ya haƙa, wuta na ci a ciki, kuma ga kore da fari nan ina gani da idona.

Na ce, "Baba, mi kaka ƙonawa?"

Ya ce, "Tsohuwar tuta ta, malam." Ko ɗagowa bai yi ba.

Ban tambaye shi dalili ba. Na wuce aji na zuba Turancin da nake taƙama da shi a takardar ƙara, na kai wa hedimasta. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce in bari mu kashe maganar a cikin gida. Sai dai aikin gama ya gama, don na riga na ba direban da ke zuwa Ƙaura kwafi ya kai ofishin ilimi. A irin wannan lokaci babu jami'in da zai yarda a ce an ƙona tuta a makarantarsa ya yi shiru. Kowa ya san aikin Baba ne a bakin wuƙa.

Da na ba mahaifiyata labari, ina jiran yabo, sai ta ce, "To, shi mi yac ce ya sa shi?" Na ce ai ba sai an tambaya ba. Ta dube ni, ta ci gaba da tsince wakenta.

Ranar Litinin sufeto ya zo. Aka tara mu a ofishin hedimasta, Baba ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shigo ya durƙusa. Sufeto ya tambaye shi ko ya san girman abin da ya yi.

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban yi boko ba. Abin da munka tashi munka ishe, in takarda mai ayar Alƙur'ani ta tsuhwa ta yage, ba a yasda ta bisa juji. Ƙona ta aka yi, a bizne tokar, don kada a taka. Ban ce tuta Alƙur'ani ta ba, Allah shi tsare. Amma wagga tuta da hannuna nika ɗaga ta shekara da shekaru. Da anka kawo sabuwa, nil linke ta nis sa sito. Sai nig gan ta cikin aji ana shahe allo da ita. Rannan kuma an goge babur da ita an yas ƙasa, awaki na bi ta kai. Shi na nic ce gara in yi mata sutura."

Sufeto ya ce, "Wane aji?"

Baba ya ce, "Na tsuhwa, ranka shi daɗe. Ban riƙe ba."

Ya riƙe sarai. Ajina ne, babur ɗin ma nawa ne. Dastar goge allo ce ta ɓata mini, na shiga sito na ɗauko abin da hannuna ya fara kaiwa, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban gane mene ne ba. Kunya ta rufe ni. Na so in yi shiru, don Baba ya riga ya buɗe mini ƙofar tsira. Abokina malamin lissafi na gefe yana kallon rufin ɗaki. Da ƙyar na ce, "Yallaɓai, ajina na."

Na zaci gaskiyata za ta wanke shi gaba ɗaya, amma takarda in ta shiga ofis ba ta fitowa haka nan. Ba a kori Baba ba, sai dai an mai da shi wata makaranta can wajen Shinkafi, nesa da gonarsa ta gero da jikokinsa. Ni kuwa takardar gargaɗi kawai aka ba ni, layi uku.

Har yau in na ji ana gardamar a haramta ƙona tuta ko a bari, ba na saurin sa baki. Ina son tutar nan kamar da, kuma ba na jin daɗin ganin an wulaƙanta ta. Amma na ga wanda ya ƙona ta don girmamawa, na kuma san wanda ya wulaƙanta ta ba tare da ya ƙyasta ashana ba. Da dokar da nake kira a yi ta tabbata, shi za ta kama ta bar ni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da na je neman gafarar Baba, farkon damina. Na shirya dogon jawabi a kan hanya. Bai bari na kai rabi ba, ya ce ya yafe tun ranar, ya sa aka kawo mini fura. Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin babur, ya dubi gabas inda gari ya fara haɗuwa, ya ce:

"Malam, in hadari ya taso, wa ka sauke tutar yanzu?"

Tun da ya tafi babu wanda ya taɓa sauke ta. Washegari ni na fara, kuma ban daina ba har na bar makarantar.