Shekarar da Rifkatu Ba Ta Kira Gayya Ba

A'a, don Allah ku daina cewa bakin Rifkatu ne ya kashe mata gero. Na gaji da jin zancen nan. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyensu can ƙasar Bagwai ya san matar. Ita ke buga tulu a Zumuntar Mata ta cocinsu, Bahaushiya ce gaba da baya, kakanninta Maguzawa ne da suka nome ƙasar nan tun babu titi. Shiru ne ya kashe geron, kuma koya mata shirun aka yi.

Gab da faɗuwar damina wani mai wa'azi ya zo daga birni da janareto da lasifika, ya yi musu taron farkawa. Magana ɗaya ya yi ta nanatawa: abin da ka furta shi za ka gani. Kar ka ce ba ka da lafiya, kar ka ce ka kasa, mai cewa babu da bakinsa yake gayyato babu. Rifkatu kuwa ba ta iya jin wa'azi rabi da rabi ba. Ta karɓa da hannu biyu.

An yi shuka, gero ya fito gwanin sha'awa, sai mijinta Ishaya ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya. Ɓarin jikinsa ya shanye. Daga ranar ita ce mai juya shi, mai wanke shi, mai ɗura masa kunu. Kafin ta saɓi fartanya rana ta take. Ta nome nan, can ya rufe da ciyawa.

Garin kuwa akwai gayya. Mai gona zai je wajen Basiru, wanda ke tara majiya ƙarfi, ya ce aiki ya fi ƙarfinsa, a sa rana, a dama fura, a sayo goro. Ba a tambayar wa ke zuwa masallaci, wa ke zuwa coci. Ishaya kansa ya yi wa rabin garin noma. Sai dai ba a shiga gonar mutum sai ya nema da bakinsa, don shiga babu kira daidai yake da ce masa rago.

Maƙwabciyarta Rahmatu ce ta fara leƙo ta ta saman danga.

"Maman Bulus, ya mai jiki?"

"Ya warke, cikin sunan Yesu."

"Ya warke? To wa nake ji yana nishi, akuyarki? Ke, an ce ciyawar gonarku ta kai ƙugu. Ki je wajen Basiru mana."

"Gonarmu tana cikin albarka."

"Albarkar ciyawar harƙiya ko? Wallahi ko zomo ya shiga sai an yi cigiyarsa."

Rifkatu ta yi dariya, ta shige ɗaki, ta cusa bakin zani a baki don kar Ishaya ya ji kukanta. Ba girman kai ba ne. Tsoro ne. Gani take in ta ce ta kasa, ita ce za ta ɗaure mijinta a tabarmar nan har abada.

Har Basiru ya tako da ƙafarsa, ya tsugunna a ƙofar gida.

"Inna, ba mu manta da Baba Ishaya ba. Ki ce aikin ya fi ƙarfinki kawai, gobe mu fito. Furar ma mun yafe."

"Ubangiji ya riga ya gama aikin, ɗana."

Basiru ya miƙe, ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Wata Lahadi, lokacin ba da shaida, ta miƙe da niyyar yin godiya kamar kullum. Ta ɗaga hannuwa, sai idonta ya faɗa kan tafukanta, duk sun tsattsage. Abin da ya fito daga bakinta daban.

"Na kasa. Mijina bai warke ba. Ciyawa ta cinye gonarmu. Ku taimake ni."

Wani dattijo ya ɗaga murya daga gaba: "'Yar'uwa, janye maganar nan!"

Ba ta janye ba. Daga coci ta zarce gidan Basiru ta maimaita. Washegari gona ta cika da mutane, 'yan coci da 'yan masallaci, garma na tashi. Amma lokacin maimai, noma na biyu, ya wuce. Geron ya riga ya yi rawaya, ya ƙanjame. Da kaka abin da ta ɗaure bai rufe gindin rumbu ba.

Sai me? Sai aka fara raɗa a bakin coci: "Ai ita ta furta. Ba ku ji ta ba ran nan?" Mutanen da suka yi ta wuce gonar nan suna ganin ciyawa suna cewa amin, su ne yau ke da bakin magana. Mai wa'azin kuwa ko waya bai bugo ba.

Yanzu Rifkatu sussuka take yi a gidajen mutane, a auna mata ɗan hatsi. Ishaya na nan kwance. Ba ta bar coci ba, ba ta bar addu'a ba, sai dai Rahmatu ta ce yanzu ta dangar takan jiyo ta tana cewa, "Ya Uba, yunwa muke ji, ka gani." Haka, babu ado.

To ku da kuka zauna a bencin nan ranar, ku fastoci, ku iyayenmu na Zumunta, ku matasa masu yaɗa bidiyon wa'azi a waya: wa kuka sani da ke ce muku yana cikin nasara alhali tukunyarsa ta yi kwanaki a kife? Ku faɗa a nan ƙasa, wajen sharhi. Ku miƙe ranar Lahadi ku faɗa a gaban dattawa cewa neman taimako ba zunubi ba ne. Ku buɗe baki!