Soron Babanmu da Buhun Siminti

Damina biyu kafin a canza kuɗi daga fam zuwa naira, shekarar da rijiyar ƙofar gidanmu ta rufta, ina cikin famfarar haƙora, wata mota ta shigo Badarawa daga Ƙaura da buhunan siminti. Mai motar ya ce taimako ne, kyauta, a shafe bangon ƙasa kada ruwa ya ci shi. Kowa ya yi ta rububi, ban da babanmu, wanda shi ne maginin unguwa. Ya shafa buhun, ya kaɗe hannu, ya ce, "Bango na numfashi. In kun sa mishi rigar dutse, gumi zai kashe shi daga ciki." Maƙwabcinmu Mamman Dogo ya yi ta dariya, yana cewa, "Magini, tsoron rasa sana'a ne, faɗi gaskiya!" Innarmu kwana uku ba ta je gidan suna ba don kunya.

Mu kuwa aikinmu bai canza ba. Mu 'yan mata muke tsinto kwasfar ɗorawa, mu jiƙa ta a randa har ruwan ya yi ja ya yi wari, shi ne makuba da ake yaɓe da ita. Mu muke jido ruwa a zuba ga ƙasar gini, a taka ta da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta ruɓe kwana da kwanaki, a sake takawa. Mukan faɗa ciki har gwiwa muna kokawa, mu sha duka da maraice. Baba ba ya ɗora sahun tubali sai na jiya ya bushe, ko da mai gida na kuka.

Damina ta uku anka yi ruwan kwana biyu. Simintin gidan Mamman Dogo ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, munka ga bangon ciki ya zama kunu. Ya faɗa kan awakinsa huɗu. Soron babanmu ko tsagewa bai yi ba, kuma cikinsa nike kwana har yau.

To, bara ga wasu yara a keke napep daga Shinkafi, da waya a hannu, wai ƙungiya ce mai ba da ɗan tallafi a gyara ginin gargajiya, don zafi ya ƙaru, ruwa kuma ya zama na hauka. Abin da anka yi wa babana dariya a kai, shi suke koya mini! Jikana Sanusi har rawar jiki yake yi, a gyara soron. Na ce da yarinyar da ke jagorantarsu, "Ɗiyata, kwana nawa?" Ta ce mako uku, don masu kuɗin na jiran hoto. Na ce, "Siminti fa?" Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ɗan kaɗan ne, Kaka, a sama sama." Na ce ta gaida masu hoton, ƙasar ma ba ta gama ruɓewa a mako uku, balle tubali ya bushe. Sanusi ya yi fushi, wai na kori arziki. Ta ce za ta tambaya ta dawo. Ban san ko za ta dawo ba, na dai jiƙa makuba, don indararon gabas ya fara yoyo.

Cikin waɗanda munka taka ƙasar nan, saura ni da Hajara ɗiyar Mamman Dogo, tana Zurmi, idonta ya tafi. Sai soron, shi ma da ransa.