Inda Hannun Hayatu Ya Tsaya

Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, da azahar, Allah ya karɓi ran Hayatu Na'Allah, mai tace fim na Birnin Ƙonni, bayan gajeriyar jinya. Ina Illela ina goge kamara ƙanensa ya kira ni. Bakina ya ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, zuciyata kuwa ta ƙi yarda. Kafin motarmu ta shiga Ƙonni an riga an kai shi makwancinsa.

Hayatu, ni ne Junaidu, mai ɗaukar hoton nan da ka laƙaba wa Sarkin Gaggawa. Mun daɗe muna aiki tare, ni da kamara a Illela, kai da kwamfuta a Ƙonni. Da farko kowane ɗan gyara sai na hau mota na zo shagonka, don rezon garinmu, wato intanet ɗin waya, ba ya ɗaukar bidiyo mai nauyi. Kai ka raba ni da wannan zirga-zirga. Ka ce in kwafe duk abin da na ɗauka a faifai biyu, in ba direba ɗaya ya kawo maka, in riƙe ɗaya, kuma kada in kuskura in sake wa ko guntu ɗaya suna. In ka gama tacewa, sai ka fitar da jerin yanka ka aiko min ta waya. Ɗan fayil ne da bai kai nauyin hoton fasfo ba. Babu hoto a cikinsa, babu murya, sai sunan kowane guntu, da inda za a kama shi, da inda za a sake shi. Da na shigar da shi a kwamfutata sai fim ya jeru, kamar kai ne zaune a kujerata.

Rubutun sunaye da gyaran launi ba sa biyo jerin, sai ka kira ka faɗa min da baki. Kiran da ya kamata ya ƙare nan take sai ya kai mu azahar, kana tsokanata wai hannuna na rawa kamar na mai tankaɗe, ni kuma ina ce maka kwamfutarka ta girmi aurenka. Wannan kiran nake kewa fiye da komai. Har yau in waya ta yi ƙara da hantsi sai na duba ko kai ne.

Ba ka zubar da abin da ka yanke. Na tuna wata baiwar Allah daga Malbaza da mijinta ya rasu bai bar ko hoto ɗaya ba. Abin da ta sani kawai, ya taɓa ɗaukar kujeru a wani biki da muka yi wa bidiyo. Ka ajiye aikin da ke gabanka, ka tono tsofaffin faifai har ka same shi yana wucewa da kujeru a ka, yana wa wani dariya. Ka zuba mata a waya, ka raka ta tasha.

A wurin yanka muka fi sa-in-sa. Ni da mutum ya rufe baki nake so a wuce gaba. Kai kuwa sai ka bar shi ya sauke numfashi, ya dubi ƙasa, ya gyara zama. Nakan ce kana ɓata lokaci, ka ce: "Bar ma tsoho numfashinai, Junaidu, maganatai ba ta ƙare ba."

Aikinmu na ƙarshe fim ne na masu noman rani na Badagishiri. Ƙungiyarsu ta nemi a ɗauki tsofaffin da suka fara haƙa rijiyoyi a fadamar, tun suna da rai, don jikoki su ji daga bakinsu. Babbarsu Inna Hindu, mai noman albasa, ƙarfinta ya soma ƙarewa, kuma ka yi mata alkawari za ta ga kanta kafin a cire albasar bana. Jerinka na ƙarshe ya iso a makon da ka kwanta, da ɗan saƙo cewa saura kaɗan, in ka samu sauƙi. Sai bayan sadakar bakwai na iya shigar da shi. Fim ya jeru ya wuce rabi, daga nan sai fili, babu komai.

Alkawarinka ne, ba zan bari ya faɗi ƙasa ba. Na zauna na ƙarasa da kaina, ina kwaikwayonka iyakar iyawata, har na raya a raina ba wanda zai gane mahaɗin.

Mun nuna shi a wani aji na lakwal, wato makarantar bokon Badagishiri, da la'asar, an toshe tagogi da tabarmi. An kawo Inna Hindu a amalanke, aka zaunar da ita a gaba. Ta ga kanta, ta yi dariya har da tafi. Can bayan rabi, da fim ya kai kan rijiyar wani tsoho mai suna Malami, sai na ga ta daina dariya. Da aka buɗe tagogi ta yafito ni da hannu.

"Ɗana, wurin rijiyar Malami, nan na Hayatu yar rasu, ko?"

Na ce, "Wa yag gaya miki, Inna?"

"Ba kowa. Daga nan na anka hwara yi muna gaggawa."

Daidai nan jerinka ya tsaya, Hayatu. Hawaye ya ƙwace min a gaban mutane. Na ce mata zan koma in sake gyarawa, ta riƙe hannuna ta ce, "A'a, bar shi hakanan. A san inda yat tsaya." Na bar shi.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa haƙurin da ka yi da bayinSa ya zame maka haske. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Mubaraka, da 'ya'yanka Hafiza da Jibo, da dukan zuri'ar Na'Allah, da abokan sana'a na Ƙonni, Malbaza da Illela. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya raya abin da ka bari, ya sada mu da kai a Aljanna. Amin.

Junaidu Abarshi, Illela