Ranar da Mma Sahadatu Ta Ce a Mayar da Ƙwayar

Duk mai fitowa da sassafe a unguwar Akwatialine ya san ƙarar ƙofar shagon Mma Sahadatu. Tsohuwar ƙofar ƙarfe ce da ba ta buɗuwa sai an sa mata kafaɗa, kuma da an sallame Asuba ake jin ta. Mma za ta share gaban shagon, ta yayyafa ruwa, ta fito da benci, sannan ta tsallaka titi ta sayo kokonta da ƙosai. Kafin ta shanye, benci ya cika da tsofaffi masu ciwon suga, kowa ya miƙo yatsa a tsikara a gwada. Wanda ya saci shan lemo a wajen suna jiya, ba ya buƙatar ya faɗa, Mma za ta kalli na'urar ta kalle shi, shi kuma ya kalli sama.

Ta yi aikin nas tun tana budurwa, ta bari ta buɗe wannan shagon magani, ta tsufa a cikinsa. Ƙarshen watan nan za ta miƙa mabuɗi ga Hadija, 'yar ƙaninta, saboda idonta ya daina ganin ƙananan rubutun jikin kwalabe. Shi ya sa muka ga ya kamata a yi mata jinjina tun tana iya jin ta da kunnenta.

In gaskiya za a faɗa, ba kowa ke son shiga shagonta ba. Matar tana da tambaya. Ka je sayen maganin ciwon kai, sai ta tambaye ka barcinka, da yawan fitsarinka, da ko hannunka na rawa. Wata ta je neman maganin tari, Mma ta ce ta ɗaga mayafi ta haɗiye yawu, ta ga maƙoƙo ya fara tasowa, ta tura ta asibiti ba tare da ta sayar mata da komai ba. Kullum maganarta ɗaya: wai a jikin mutum akwai wasu 'yan tsoka ƙanana, wata a wuya, wata ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wasu a kan ƙoda, masu zuba sinadari cikin jini, kuma su ke umartar jiki ya girma, ya yi zafi, ya yi ƙarfi, mace ta ga al'adarta. Mu dai mukan gyaɗa kai don ta sallame mu.

Babbar rigimarta da matan layi a kan ƙwayar ƙiba ce, wadda ake kira deksa. Maganin asibiti ne na cututtuka masu tsanani, amma amare da matan aure suka mayar da shi abin ƙara jiki. Mma ba ta sayarwa sai da takardar likita. Har wani tsohon kwalin ƙwayar ta manna a jikin kantar shagon, duk wadda ta tambaya sai ta nuna mata ta ce, “Wannan? Je ki wani waje, ni ba na kashe 'ya'yan mutane.” An kira ta marowaciya, an ce baƙin ciki take yi da kyan yara, ta yi kunnen uwar shegu da kowa.

Mutaru direban trotro ne, wato motar fasinja, hanyar Krofrom yake ja, kuma yana cikin masu ganin girman Mma tun yana yaro. Mutum ne mai son a faɗa masa abu ɗaya ya riƙe. An ce ƙwayar guba ce, to guba ce, an gama. Matarsa Laila siririya ce aka kawo ta, amma cikin shekara biyu ta cika ta batse, fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, sai dai ƙafafuwa da hannaye suna nan sirara. Mutaru bai ga komai ba sai albarkar aure. Da al'adarta ta ɗauke kuwa, yayarsa Ruwaida ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, shi kuma ya fara zaɓen suna a zuciyarsa.

Wata safiya yana neman ashana a ɗakin girki, ya buɗe gwangwanin madara, ya ci karo da irin kwalin nan da ya sha gani a kantar Mma. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya kuma tsorata saboda abin da yake zaton yana cikin matarsa. Laila ta yi kuka, ta rantse ba za ta sake ba. Shi kuwa ya kwashe ƙwayoyin duka ya watsa a kwata, ya tafi aiki yana jin ya yi abin da namiji ya kamata ya yi.

Laila ta cika alkawari, ba ta sake sha ba. Bayan 'yan kwanaki ta fara kasala, ta ƙi abinci, sai amai. In ta miƙe jiri ya kwashe ta. Ruwaida ta ce laulayi ne, kowace mace da irin nata. Maƙwabciya ta ce zazzaɓin sauro ne. Wata tsohuwa a gidan ta ce a nemo rubutu, baki ne ya kama ta. Mutaru ya bi kowa, ya kawo lemun tsami, ya kawo rubutu, jiki sai baya yake yi. Ran nan da hantsi ya sauke fasinja, ya ajiye motar a gaban shagon Mma, ya ce a ba shi maganin amai na mai ciki.

“Wa ya ce tana da ciki?” in ji Mma. “An auna?”

“Ba a auna ba, Mma, amma ai ga shi nan kowa na gani.”

“Mi take sha?”

Nan Mutaru ya gyara tsayuwa, don ya daɗe yana son ya ba ta labarin. “Ai Mma, abin nan da kike hanawa na kama ta da shi. Walahi ban bar ko ɗaya ba, na zubar duka a kwata.”

Ya jira yabo. Sai ya ga tsohuwa ta dafe kanta tana salati.

“Tun yaushe take sha?”

“Ta ce tun bayan biki.”

“Ei, Mutaru! Ka tsayar mata haka lokaci guda? Tashi mota. Wannan ƙwayar da ka zubar, ita jikinta ke nema yanzu.”

Kan Mutaru ya ɗaure. Ya kalli kwalin da ke manne a kanta, ya kalli matar da ta manna shi. “Mma, ba ke kika ce guba ce ba?”

“Ni na ce.”

“To kuma a ba ta?”

“A ba ta, yau ɗin nan. Ka tuƙa, ka yi tambayarka a hanya.”

Ta ɓalle kwalin ta jefa a jaka, ta ɗauki abin awon jini, ta bar shagon a buɗe da tsofaffinta a benci. Sun tarar da Laila kwance a tabarma, jiki sanyi ƙalau, ana kiran sunanta tana amsawa da ƙyar. Mma ta ɗaura mata abin awo, ta duba, ba ta faɗi abin da ta gani ba, sai ta ce a kama ta a sa a mota. Ruwaida ta tare ƙofa tana cewa mai ƙaramin ciki ba a jijjiga ta a trotro. Mma ta ce mata, “Matsa, 'yata. In muka tsaya gardama, wanka za ku yi mata ba suna ba.” Ruwaida ta matsa.

Mutaru ya ce bai san yadda ya ratsa cunkoson garin nan ba. Yana tuƙi yana leƙen madubi, yana ganin kan matarsa a cinyar Mma, zuciyarsa na ta lissafin da ya ƙi fita. In ƙwayar ce ta kwantar da ita, me ya sa ba ta kwanta ba sai da ta daina? In rashinta ne, to Mma ta shekara da shekaru tana hana mutane magani ke nan? Ko dai shi ne ya kashe matarsa da hannunsa, a ranar da yake ganin ya cece ta? Da wannan ta ƙarshen ta faɗo masa, sai ya ƙara gudu.

A asibiti Mma ba ta ɓata lokaci ba. Ta ɗaga kwalin ta ce wa nas ɗin bakin ƙofa, “Ta daɗe tana shan wannan, an tsayar mata gaba ɗaya, jininta ya faɗi.” Aka kira likita, ya ji, ya duba, ya sa aka ɗaura ruwa, aka yi mata allura. Mutaru ya tambayi sunan allurar, likita ya ce 'yar'uwar ƙwayar da ya zubar ce. Ya koma ya zauna a benci ya riƙe kai. Can kuma aka fito aka ce an auna, babu ciki, dama babu, ƙwayar ce ta kumbura ta, ita ta ɗauke mata al'ada.

Mma ta zauna kusa da shi. Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ba mu saba gani ba.

“Ɗana, a kan kowace ƙoda akwai 'yar tsoka ƙarama. Aikinta ta dafa wa jiki wani sinadari da ke riƙe jini kada ya faɗi, ya ba mutum ƙarfin tashi. Ƙwayar nan irin sinadarin ce, amma ta fi ƙarfi paa, nesa ba kusa ba. Ka san gidan da kullum ake sayo wake da shinkafa daga waje? Murhunsu mutuwa yake. Ran da mai sayarwa ba ta fito ba, babu itace, babu tukunya a wuta, yunwa ke nan. Haka tsokar nan ta Laila ta yi barci. Ba a tashinta da tsawa, sai a riƙa rage na waje kaɗan-kaɗan har ta farka.”

“Yoo, na ji,” in ji Mutaru. Sannan ya ce, “Amma Mma, guba ce ko magani?”

“Duka biyun.”

“Ban gane ba koraa, ko kaɗan.”

“Ba sai ka gane yau ba. Ni ma ina da tambaya. Wa ya ce wa yarinyar nan ba ta yi ba yadda Allah ya halicce ta?”

Ya buɗe baki zai ce Ruwaida, don ita ce ta yi ta tsokanar amarya da cewa iska za ta ɗauke ta. Sai ya tuna muryarsa, yana dariya yana cewa ta ƙara jiki mana, kada abokansa a tasha su ce direba ba ya ciyar da gida. Da wasa ya faɗa, ya kuma manta. Ita ba ta manta ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Laila ta farfaɗo. Aka sallame ta da ƙwayoyi dangin waɗancan, da umarnin yadda za a riƙa ragewa wata bayan wata, da ranakun komawa awo. Sai ga Mutaru, mutumin da ya watsa ƙwaya a kwata, kowace safiya yana miƙa wa matarsa ita da kofin ruwa. Da aka gan shi yana karɓowa a shagon Mma, layi ya ɗauka: ashe tsohuwa ta fara sayarwa, dama son kai ne. 'Yan mata suka yi ta zuwa. Ta mayar da kwalinta jikin kanta, ta ci gaba da korarsu, amma yanzu da ƙarin magana: wadda ta riga ta fara, kada ta daina ita kaɗai, ta zo a raka ta asibiti. Da yawa sun fita suna cewa tsufa ya fara ruɗa ta. Wasu kuma sun dawo da la'asar, mayafi a rufe, sun ce a raka su.

Mma Sahadatu, ke ce mai cewa a'a a layin da kowa ke son a ce masa to. Ke ce kika yarda a zage ki a kan hanawa, kika sake yarda a zage ki a kan bayarwa, ba ki tsaya wanke sunanki ba don akwai rai a gabanki. Uwar masu benci, kin sha gaya mana abin da ke cikin jikinmu muna gyaɗa kai ba mu fahimta ba, ba ki gaji da maimaitawa ba. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa idonki haske, ya sa Hadija ta gaji tambayarki.

Ku kuma masu shagunan magani daga nan har Ayigya Zango, ku riƙa tambaya kafin ku miƙa. Iyaye da mazaje, in kun tsinci kwali a gwangwani, kada ku nufi kwata, ku ɗauki kwalin da mai shi ku nufi asibiti. Kuma mu rage yi wa jikin mata dariya.

Yanzu Laila ta kusa rabuwa da ƙwayar, fuskarta ta saɓe, ta koma siririyarta. A tasha har an fara yi wa Mutaru tsiya cewa matarsa ta rame, yana jin su ya ci gaba da lodin fasinja. Da ya ji za a yi wannan rubutu, ya tsayar da trotro a tsakiyar layi, fasinja na ta ƙorafi, ya leƙo ta taga ya ba da saƙo.

“A gaya wa Mma, walahi har yau ban gane abin nan na kan ƙoda ba. Amma yau da asuba Laila ce ta tashe ni salla.”