Sujadar Ƙarfe Uku ta Baba Zakka

Ranar Alhamis, 15 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Ubangiji ya kira bawansa Zakka Maigari gida, bayan jinyar ƙirji ta wata huɗu. Shekararsa saba'in da ɗaya. Ranar Asabar muka kai shi garinsu Gani, muka binne shi kusa da iyayensa. Mai shi ya karɓi abinsa, ba mu da ja.

Zakka, an roƙe ni in rubuta 'yan kalmomi masu sanyi da za a karanta a sujadar godiya saboda rayuwarka. Na zauna na gwada, suka ƙi fitowa. Ka san ban iya shafa wa magana mai ba, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Zan faɗe shi a nan, wanda zai ji haushi ya ji.

Da laifina zan fara. A shekarar 1993 ni ne mai nuna wa mutane wurin zama a wata babbar majami'a a cikin gari, da farar riga da takalmi mai ƙyalli, ina ji da kaina. Wata Lahadi ana taron yamma, sai ga ku ku biyar daga Challawa, kun taso daga aikin safe a kamfanin fata, ko gida ba ku biya ba. Duk wanda ya taɓa wucewa ta majema ya san warin ɗanyar fata da ruwan da ake jiƙa ta a ciki. Ba ya fita da wanka ɗaya, balle ga wanda bai samu yin wankan ba. Mata suka fara toshe hanci da gefen ɗankwali. Ni kuwa na zo da murmushina na ce ku fito, akwai benci a baranda, an fi shan iska a can. Ka dube ni ka ce, "Ɗan'uwa, iska muka zo sha?" Kuka zauna a barandar har aka tashi, kuna bin waƙa ta taga.

Tambayar nan ta bi ni wata biyu. Da na gaji, na nemo ka don in ba ka haƙuri. Na same ku a wani tsohon sito bayan inda tireloli ke tsayawa, mutum goma sha ɗaya a kan bulo da galan, ƙarfe uku, rana tana dukan kwano. Ka hango ni a bakin ƙofa, ka yi dariya, ka ce in shigo, amma in sani ku ba ku da baranda. Na shiga da kunyata, kuma tun daga ranar ban sake yin sujada a wani wuri ba.

Ba don son zafin rana ka zaɓi ƙarfe uku ba. Injin kamfani bai san Lahadi ba. Masu aikin safe ba sa tashi sai ƙarfe biyu, masu aikin kwana kuma sai azahar suke farkawa, kuma lebura na yini in ya yi fashin rana ɗaya, gobe zai tarar da wani a gurbinsa. Ka ce Yesu Almasihu bai mutu don waɗanda suke da hutun Lahadi kaɗai ba. Doka ɗaya ka kafa: kowa ya zo yadda ya taso. Haka suke shigowa, da takalmin roba, da safar hannu a aljihu, daga Challawa, daga Sharada, wasu har daga Bompai a bayan motar kaya. Ranar Jibin Ubangiji kai da kanka kake sa gurasa a tafin hannun da rini ya ɓata, wanda sinadari ya tsattsage. Kana yawan tuna mana cewa ɗaya daga cikin manyan manzanni ma a gidan majemi ya sauka, kuma ba a ce ya toshe hanci ba.

Ba ka taɓa zama fasto ba. Da yatsa kake bin layi in kana karatu, waƙa kuwa kullum sai ka ɗauko ta daga sama, mu bi ka muna shaƙewa. Na sha gaya maka ka bar wa masu murya, ka ce Ubangiji ya saba da taka. Amma babu leburan da injin ya taɓa wanda ba ka riga danginsa isa asibiti ba. Shekara goma sha tara kana tsayawa a kan injin abokin aikinka Malam Lawal kowace Juma'a don ya je masallaci, ba tare da an roƙe ka ba. Shi ya sa tsohon nan ya hau mota har Gani, ya tsaya a rana har aka rufe ka, yana share ido da hannun riga.

Ikkilisiya ta girma, mun gode wa Allah. Mun sami fili, mun yi gini, mun sami fasto, an buɗe sujadar ƙarfe tara ta safe, motoci suna cika harabar. Ba na ƙyashin wannan, da kaina na ɗauki bulo a ginin. Amma tun da ka kwanta, majalisar dattawa take ta zagaya maganar soke sujadar ƙarfe uku. Wai kamfanoni da yawa sun rufe, masu zuwa sun ragu. Wai tayar da janareto sau biyu wahala ce. Dalili na uku a hankali ake faɗinsa, ana kallon ƙasa: wai wari yana kama katifun sababbin kujeru. Ina cikin majalisar, da kunnena na ji. Aka ce a ɗage maganar sai an ga yadda jikin Baba zai yi. Kowa a ɗakin ya san abin da ake jira.

Ban gaya maka ba, don kada in ƙara maka ciwo. Zuwana na ƙarshe asibiti ka tambaye ni mutum nawa suka zo ranar Lahadi. Na ce ashirin da bakwai, ina jin nauyin faɗa. Ka ce, "Habila, ai sun ninka manzanni, har da ƙari."

Yanzu ga shi an sa sujadar godiyarka ranar Lahadi mai zuwa, ƙarfe tara na safe, don manyan baƙi su samu halarta. Ƙarfe tara, Zakka! Lokacin da mutanenka suke tsaye cikin ruwan jima har ƙauri. Wato za a yabe ka a ɗakin da babu ko ɗaya daga cikin waɗanda ka kafa wurin dominsu, sannan mako na gaba a zauna a soke musu sujada.

'Yan'uwana dattawa, ina ƙaunarku, amma ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Ba a kan tayil da fanka aka kafa wannan ikkilisiya ba. An kafa ta a kan Almasihu, domin mutumin da ya gaji, wanda aka taɓa nuna wa ƙofa, ya sami wurin durƙusawa. Na taɓa korar mutanen nan sau ɗaya, na san ɗacinsa, ba za a sake yi da hannuna ba. In katifa ce damuwar, a cire ta, mun iya zama a kan katako. In janareto ne, a bar shi a kashe, rana ta ishe mu karatu.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa, Zakka, ya yafe maka kurakuranka, ya share maka gajiyar shekaru arba'in na majema. Ya ta'azantar da 'ya'yanka huɗu da jikokinka, da mutanen Gani, da abokan aikinka Kirista da Musulmi. Ya ba mu da muka rage ƙarfin hali da tsoronsa.

Ta'aziyya ta musamman ga matarka, Mama Ladidi. Jiya na je gaishe ta, na gaya mata an tanadar mata kujerar gaba ƙarfe tara. Ta ce, "Baban yara bai taɓa zuwa coci da safe ba. Yanzu ne zan je in neme shi can? A gaya musu ƙarfe uku zan zo."

To, na gaya muku.

Dattijo Habila Ɗanjuma, Panshekara