Verna Pruitt da 'Yar Gwamnati

Verna Pruitt ba ta taɓa haihuwa ba, amma yaran da suka kwana a gidanta sun fi ƙarfin lissafina. Ni, Opal, da ita mun tsufa tare a kicin ɗin makarantar firamaren garinmu, ita a kan tukwane, ni a kan rabon abinci da wanke-wanke. Ta fi ni jiki, ta fi ni murya, ta kuma fi ni baki nesa ba kusa ba. Yanzu da ba ta nan, kicin ɗin ya yi shiru har ina jin ƙarar firji.

Mijinta Lonnie ya rasu a hatsarin mota tun suna da sauran ƙuruciya. Ya bar mata gida mai ɗaki uku da wani kare gurgu. Da zaman kaɗaici ya ishe ta, sai ta je ofishin kula da yara ta ce a riƙa kawo mata waɗanda kotu ta karɓe daga hannun iyayensu. Haka suka riƙa zuwa, wani ya yi mako biyu, wani ya kai rani ya tafi. Kowannensu da kayansa a baƙar ledar shara yake isowa, don abin da ofishin ke ba su ke nan. Verna ta tsani ledar nan. Duk Asabar sai ta ja ni shagon gwanjo neman akwatuna. Ta ce ba ta da ikon hana a ɗauke mata yaro, amma ba wanda zai fita ƙofarta kamar bola.

Darla ta zo tana da shekara tara, 'yar siririya, idanu kamar na mage. Ƙwaya ta cinye uwarta, uban kuwa ba wanda ya san shi. Ta riga ta zaga gidajen riƙo da dama kafin na Verna. Watanninta na farko burodin masara take ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. Verna ta gani, sai ta ƙara yawan wanda take gasawa. Mis Verna Darla take kiranta, kamar yadda duk yaran ke yi. Sauran suka zo suka wuce, Darla ta zauna. A hankali ta yi ƙiba, ta koyi tsiwa, ta koyi tafiyar Verna da hannu a ƙugu. In ka hango su daga baya a hanyar coci, sai ka rantse uwa da 'ya ne.

Tana shekara sha huɗu kotu ta yanke cewa uwarta ba ta da sauran iko a kanta. Jami'in da ke kula da lamarinta, Mista Gaddis, ya zo gidan da albishir. Ina nan ranar, muna ɓare wake a baranda. Ya ce yanzu hanya ta buɗe, Verna na iya zuwa gaban alƙali ta mayar da Darla 'yarta ta har abada, da suna da komai. Yana cikin cin kek ɗin da ta yanka masa ne ya ƙara wata magana kamar ba komai ba. A jiharmu, a wancan lokacin, yaron da ya cika sha takwas yana hannun hukuma ba ya biyan kuɗin karatu a jami'ar jiha. Wanda kuma wani ya ɗauka kafin nan, ya zama ɗan gida, wannan gatan ya wuce shi.

Verna ta ajiye kwanon wake. Ta ce, "Tsaya in gane, Mista Gaddis. In na so ta, a ƙwace mata makaranta. In na bar ta ba uwa, a ba ta jami'a kyauta."

Ya ce ba shi ya rubuta dokar ba.

"Na sani," in ji ta. "Wanda ya rubuta yana da uwa. Ci kek ɗinka."

Kowa ya san abin da mai dafa abincin makaranta ke ɗauka a wata. Ko Verna ta sayar da gidan da karen, ba za ta kai yarinyar ƙarshen shekara ta biyu ba. Darla kuwa kanta na ja, malamai sun sha faɗa, kuma tun tana ƙarama take cewa nas za ta zama. Matsalar ita ce, ta ji rabin maganar Mista Gaddis ta taga, rabin mai daɗi, har ta gaya wa 'yan ajinsu cewa ta kusa zama Darla Pruitt.

Verna ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta zaunar da ita a teburin kicin ta faɗa mata komai, ta ce ba za su je kotu ba sai bayan karatu. Darla ta ce ita ba ta son jami'ar, za ta yi aiki a kanti, za ta yi wanke-wanke kamar ni. Na ji wannan, ban ji haushi ba.

"Uwarki mai kuɗi ce," in ji Verna. "Gwamnati guda. Ta ba ki ledar shara, to bari ta ba ki digiri kafin mu sallame ta."

"Ke dai ki ce ba kya so na."

"In ba na son ki da tuni na sa hannu na huta."

Darla ta tashi ta shige ɗaki. Daga ranar, Mis Verna ɗin nan da take faɗa ya sake ɗanɗano. Da can suna ne kawai. Yanzu sai ta ja shi, ta ƙara masa ladabi, kamar mai magana da baƙuwa a banki. Verna ta ce mini gara a zage ta.

Shekarun da suka biyo baya, uwar Darla mai kuɗi ta nuna irin renonta. Kwana a gidan ƙawa, sai an nemi izini. Aski, sai an nemi izini. Wata shekara cocinmu ya shirya tafiya bakin teku a jihar da ke maƙwabtaka da mu, aka ce sai alƙali ya yarda. Ya yarda kuwa, bayan mun je ba ita mun dawo, har fatarmu da rana ta ƙona ta gama saɓulewa. Darla ta yi zazzaɓi, Verna ce ta riƙe mata kai tana amai. Ta ci gasar lissafi, Verna ce ta yi ihu har aka ce ta zauna. Gwamnati ba ta taɓa zuwa taron iyaye ba, ba ta san yarinyar ba ta cin albasa ba. Amma duk wata sai ta turo Mista Gaddis ya leƙa firji ya ga ko akwai madara.

Verna ta mayar da abin wasa, don haka take yi da duk abin da ke ci mata rai. In Darla ta nemi sabon takalmi sai ta ce ta buga wa uwarta waya a babban birni. Darla ba ta dariya. Ni ce nake ganin Verna a kicin ɗin makaranta tana yanka albasa fiye da yadda miyar ke buƙata.

Darla ta cika sha takwas, ta shiga jami'ar jiha, ba a karɓi ko sisi na karatu ba. Sai dai gatan bai haɗa da ɗaki da littattafai da abinci ba. Nan wata gidauniya ta matan masu kuɗi ta shigo, ƙarƙashin wata Madam Whitlock mai murmushi kamar an ɗinka mata shi. Suna biyan sauran, Allah ya saka musu, ba zan hana su nasu ba. Amma suna da al'ada. Duk shekara sai sun yi liyafa a babban otal, a kawo ɗaliban su hau dandamali ɗaya bayan ɗaya su ba da labarin wahalarsu, masu kuɗi na cin kaza suna share hawaye. Wanda ya fi sa su kuka, shi ake sa hotonsa a jikin katin shekara mai zuwa. Har horo ake ba yaran: a fara da yunwa, a taɓo duka in akwai, a ƙare da godiya.

Shekararta ta biyu aka zaɓi Darla. Verna ta ɗinka mata riga shuɗiya da hannunta, muka tuƙa mota muka je. Aka ajiye mu a teburin ƙarshe, dab da ƙofar kicin. Verna ta ce sun san matsayinmu, ko a nan ma kusa da tukunya. Madam Whitlock ta kama makirufo ta gabatar da Darla a matsayin yarinyar da ta taso ba ta da kowa a duniya. Darla ta hau, cikin rigar Verna, da kitson da Verna ta yi mata da safe. Ta ba da labarin ledar shara da burodin ƙarƙashin matashi. Ba ta faɗi wanda ya gasa burodin ba. Da ta zo ƙarshe sai ta ɗaga kai ta nemo teburinmu da ido, ta ce har yau a takarda babu wanda ya taɓa cewa ita tasa ce.

Zauren ya jiƙe. Wata mata kusa da mu ta yi kuka har jan bakinta ya koma haɓa. Verna ta miƙe tsaye ta fi kowa tafi. A mota, da muka kama hanyar gida, ta ce kazar ta bushe, wanda ya dafa ta bai san gishiri ba. Can ta ce, "Ta iya magana, Opal. Kin ji yadda ta tsaya? Ba ta yi in'ina ko sau ɗaya ba." Na ce na ji. Ta juya fuska wajen taga har muka iso.

Darla ta gama, ta sami aiki a wani asibiti a birni. Tana zuwa Kirsimeti, tana kira ranar Lahadi. Maganar kotu ba wanda ya tayar. Na ce wa Verna karatu ya ƙare, me ake jira. Ta ce ita ta ƙi sau ɗaya, ba ta da bakin tambaya. Na ce wa Darla, ta ce ita ta roƙa sau ɗaya, ba za ta sake ba. Kai ɗaya gare su, kamar dutse, kuma wai ba jini ɗaya ba.

Sai zuciyar Verna ta buga mata a gaban murhu, wata Talata, da ludayi a hannu. Aka kai ta asibiti, ɗakin da ba a barin kowa sai dangi. Darla ta iso da kayan aikinta na nas a jiki. Matar da ke bakin ƙofa ta tambaye ta ita wace ce a wurin mara lafiya. Darla ta ja da baya. Ta san dokar, ita ma abin da take gaya wa mutane ke nan a nata asibitin. Aka nemo wani ɗan wan Lonnie da rabonsa da Verna tun jana'izar baffansa, shi ne dangi. Ya shiga, ya fito, ya tambaye ni ko gidan nan nata ne ko haya. Darla na zaune a benci tana kallon takalminta.

Verna ta farfaɗo, aka sallame ta, amma likitoci ba su ɓoye mana ba, zuciyar ta gaji. Darla ta ɗauki hutu ta dawo tsohon ɗakinta. Wata safiya ina kawo musu miyar kaza na tarar ta tsaya a kan Verna da hannu a ƙugu.

"Uwata mai kuɗi ta gama biya," ta ce. "Na sallame ta. Ki nemi rigar zuwa kotu."

Verna ta dube ta. Sannan ta ce, "Ba dai za su ce a mayar musu da digirin ba?"

A kotunmu, rana guda ake warewa don ɗaukar yara. An cika zauren da balan-balan, jarirai na kuka, yara na guje-guje. Al'ada ce alƙali ya ba kowane yaro 'yar tsana mai laushi ya kuma bar shi ya buga gudumarsa. Muka shiga layi, Darla na tura Verna a keken marasa lafiya, ta fi rabin iyayen wurin tsawo. Alƙalin ya duba takarda, ya dube ta ta saman tabarau, ya tambayi ina yarinyar. Darla ta ɗaga hannu. Ya tambayi Verna ko ta fahimci cewa daga yau ciyarwa da tufatarwa da tarbiyyar wannan yarinya suna wuyanta. Verna ta ce za ta gwada, ranka ya daɗe, ko da yake an ce mata tana da tsiwa. Ya yi jinkiri da 'yar tsanar a hannu, bai san ko ya miƙa ba. Darla ta karɓe abarta, ta ce ta daɗe tana jira. Ta buga gudumar har wani jariri ya firgita.

A bakin mota Darla na gyara wa Verna bargo a ƙafa na ji ta ce, "Ɗaga ƙafarki, Mama." Verna ta ɗaga. Ba ta yi ba'a ba, karo na farko tun da na san ta.

Ta ga bazara, ba ta ga kaka ba. Karo na biyu da aka kai ta ɗakin nan, matar bakin ƙofa ta sake yin tambayarta, Darla ta amsa da kalma ɗaya ta wuce ciki, ta kuma ce a bar ni in shiga. Hannunta ɗaya a na Darla, ɗaya a nawa, Vernata ta tafi.

A coci, bencin gaba na iyali ne. Ɗan wan Lonnie ya zo da wuri ya baje a kai, Darla ta ce ya matsa. Bayanmu akwai manya-manyan maza da mata da ban gane su ba sai da suka faɗi sunayensu, ashe yaran da ta riƙe ne, wani ya ce mini har yau akwatinsa na nan. Fasto ya karanta cewa marigayiya ta bar 'ya ɗaya, Darla Pruitt. Na saurara ko ɗaya uwar za ta aiko da fure. Ba ta aiko ba, wataƙila tana jiran izinin alƙali.