Ranar da Amawalin Agali Ya Faɗi

A Timiya aka haifi Agali, cikin lambunan lemo da rumman, kuma aikinsa na fari shi ne kora raƙumin da ke jan guga a rijiyar mahaifinsa. Jita ta shigo gidansu ne a kafaɗar wani kawunsa da ya dawo daga Libiya ba komai sai ita da tari. Tsirkiya huɗu gare ta. Agali ya cike giɓin da wayar birkin babur, ya riƙa laɓewa bayan dabino yana fama da ita, har raƙumin ya gane cewa in kiɗa ya tashi hutunsa ya zo.

Tekna, 'yar kawun nan, ita ta fara saurarensa, amma da yake tobashiyarsa ce ba ta taɓa yaba masa ba. Ta tafi karatu Yamai, shi kuma ya gangara Arlit, inda wasu makaɗan biki suka ɗauke shi yana riƙe musu ƙasan kiɗa. Sannu a hankali ya samu jitar lantarki tasa, aka tura shi gaba. Abin da aka san shi da shi, in kiɗa ya ratsa shi sai ya rufe ido jikinsa ya ɗauki rawa kamar mai masassara. Mata kan jira wannan wurin su saki guɗa.

Tekna ta gama karatu ta dawo, aka yi bikin wata ƙawarta. Da la'asar aka yayyafa wa filin ruwa saboda masu rawa, ruwan ya jiƙa tabarmar makaɗa. Agali ya tuɓe takalmi ya hau, don dattawa na zaune kusa. Ashe wayar lasifikar ta ɗaye.

Yana cikin kiɗa sai sautin ya tsaya a kan ƙara ɗaya, jikinsa ya hau karkarwa. Fili ya ruɗe da guɗa, samari na ihu, "Ya kama shi! Ƙara, Agali!"

Ita ma Tekna ta buɗe baki za ta tsokane shi, sai ta ga amawalin rawaninsa ya zame har haɓa. Bakinsa a buɗe gaban uban amarya, bai ɗaga hannu ya rufe ba. Agalin da ko shayi ta ƙarƙashin amawali yake kurɓa in akwai babba a wurin. Ta keta cikin masu rawa, ta fizge wayar janareta da hannu biyu. Agali ya zube.

Ya rayu, amma tsirkiyu sun zana masa ƙuna a yatsun hagu, biyu daga ciki ba ya jin su. Likita ya ce a jira, bai yi alkawarin komai ba. Aka mayar da shi Timiya jinya. Jitar kuwa ya sa aka cusa ta ƙarƙashin gado. Tekna ta daina barcin kirki, ko babur aka tayar a waje sai ta zabura.

Wata safiya ta kawo masa furar dabino da cuku, tun daga bakin katanga ta ji wani abu na kuka a ɗakin, yana tsinkewa yana dawowa. Sai da ta goge fuska sannan ta leƙa, ta iske shi zaune da jitar a cinya.

"Wa yake yanka akuya a gidan nan bai kira ni ba?"

"Ke, baiwata, ajiye furar ki ba ni wuri."

"Baiwar wa? Da ban zo ba da tuni ka gasu kamar fara."

Ya ɗago yatsun yana murza su. "Ƙaramin ne ke min gardama. Wannan kuwa ya fara jin zafi."

"Zafi?"

"Kamar allura. Wallahi daɗi."

Tekna ta zauna a dokin ƙofa.

"To sake," ta ce. "Akuyar ba ta gama mutuwa ba."